Ba Kuɗi Ke Yin Fim ɗin Faɗa Ba

Masu sharhin fina-finai suna da wani hukunci da suke yankewa tun kafin su kalla: duk fim ɗin faɗan da aka yi wa kashi na biyu da 'yan kuɗi kaɗan, aka zuba shi a faifan DVD bai leƙa sinima ba, tarkace ne, neman na abinci kawai. Ban yarda ba, kuma Boyka ne shaidata.

Undisputed na farko ya fito a 2002 da manyan taurari, Wesley Snipes da Ving Rhames, ya kuma shiga sinima. Wa ke zancensa yau? Wanda ya zauna a bakin matasa har Kano da Zinder shi ne na biyu, na 2006, wanda Isaac Florentine ya ɗauka a Bulgeriya don rage tsada. A nan aka ga Scott Adkins, ɗan Ingila, a matsayin Yuri Boyka, fursunan Rasha. Shi ne mugun fim ɗin, har Michael Jai White ya karya masa ƙafa a ƙarshe. Duk da haka jama'a suka so shi, sai da aka mayar da shi jarumi a kashi na uku, a 2010.

Florentine ɗan kareti ne, ya san inda ake ajiye kyamara. Yakan ja ta baya ka ga mutum daga kai har tafin ƙafa, ka ga tashinsa sama, juyinsa, da inda ƙafar ta sauka. Wanda ba shi da kuɗin rufe gazawa da kwamfuta dole ya nemo waɗanda suka iya da gaske, ya bar su a fili. Dubi Taken 3 mai tarin kuɗi: Liam Neeson zai tsallake shinge ɗaya, an yanka hoton fiye da sau goma cikin 'yan daƙiƙu. Ɓoyo ne wannan, kuma ɗan kallon dambe ba zai yarda a kare masa ido daidai lokacin da za a yi kisa ba.

Masu sharhin suna cewa labarin siriri ne. Haka ne, amma a jiki aka rubuta shi. A kashi na uku Boyka yana ɗingishi, yana goge daɓen kurkuku, gwiwarsa ta lalace. Daga nan duk shurin da ya kai, gabanka faɗuwa yake saboda gwiwar nan. Da abokin karawarsa, Marko Zaror, ya fara kai mata hari a karon ƙarshe, ba ka buƙatar kowa ya faɗa maka abin da Boyka zai rasa.