Murnar 1 ga Oktoba: A Rage wa Ɗan Maƙwabci Ƙara

Kai da ke shirin ɗaura tuta a babur ranar 1 ga Oktoba, ka cire salansa, ka sayo nokawut, ɗan tsaya mu yi magana.

Wataƙila a layinku akwai yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Da yawansu ƙara da haske na damunsu fiye da yadda kake zato. Fashewar da ke ba ka dariya, shi ji yake kamar an soka masa allura a kunne. Sai ya toshe kunnuwa, ya yi ta ihu, wani ma ya ruga titi. Nan take a ce sangarta ce ko aljanu, wani ya ɗauki bidiyo ya ɗora a TikTok. Shi ya sa iyayen ke kulle ƙofa, ba kallon fareti, ba tafiya ganin dangi.

Wasu wuraren sun fara gyarawa. Tun 2016 filin jirgin Gatwick a Ingila ke ba irin waɗannan matafiya koriyar igiyar wuya mai hoton fure, don ma'aikata su gane, su bi su a hankali.

Mu ma ba sai mun jira gwamnati ba. Ku sanar da maƙwabta lokacin wasanku, ku koma fili nesa da gidaje. In tafiya ta haɗa ku a mota, ka bar musu gefen taga, ka roƙi direba ya rage rediyo. Wayarka kuma ta zauna a aljihu.

'Yancin da aka samu a 1960, har da yaron nan aka samo wa.