Wa Zai Cike Ramin Bayan An Kwashe Dutsen?

Jama'a, a dokar Nijeriya duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, har da dutsen da ake fasawa a kewayen Kubwa. Mai son fasa dutse sai ya nemi lasisi a Ofishin Rajistar Ma'adinai da ke Abuja. To amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora masa sharuɗɗa: kafin ya fara aiki, sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin, ya kuma gabatar da tsarin gyara ƙasar idan ya gama.

Wasunmu kan ce mu baƙi ne, wannan maganar Gbagyi ce. Ban yarda ba. Ƙurar tana shiga ɗakunanmu, nakiya tana tsaga bangonmu, yaranmu ne kuma ke wasa a bakin ramukan. A je Mpape a ga tsohon ramin dutse da aka bari ya zama tafki mai zurfi.

Saboda haka in an kira taron yarjejeniya, mu bi ta hannun mai unguwa mu halarta, mu nemi kwafi, mu duba inda aka rubuta wanda zai cike ramin da kuma yaushe. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. A kawo ta ajin yaƙi da jahilci, mu karanta tare.