SHATA BAYAN 1999: KUNNE NE YA SAUYA, WAƘA NA NAN YADDA TAKE

Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, Allah Ya karɓi ran Alhaji Mamman Shata a wani asibiti a Kano, aka kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne. Tun daga ranar nan kalangu bai ƙara ko amo guda a kaset ɗinsa ba, ba a kuma rage ko kalma ba. Amma duk wanda ya san yadda ake jin Shata yana raye, ya kuma ga yadda matasa suke jin sa a yanzu, zai tabbatar da cewa abu biyu ne mabambanta.

Lokacin da mutumin Musawa yake raye, waƙarsa ciniki ce a fili. Attajiri ya ba da mota ko riga, a wasa shi. Wani ya saɓa masa, ya sha zambo, kamar yadda aka ji a Gagarabadau. Masu sauraro sun san wane ne aka yi wa, sun san dalili, har ma sukan yi gardama a tasha da majalisa kan ko wanda aka yaba ya cancanci yabon. Malamai suna sukarsa kan waƙar nan ta A Sha Ruwa, shi kuwa yana nan a Funtuwa, yana ji, yana da bakin mayar da martani, yana kuma da damar sake tunani. Wato dai mutum ne kamar kowa, ana son sa, ana tsoron bakinsa, ana kuma ja da shi.

Mutuwa ta rufe wannan ƙofa. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya kamata 'yan uwa matasa su lura da shi da kyau. Da yawa daga waɗanda ya yi wa waƙa sun bi shi. Shi kansa Sarkin Daura Bashar ya rasu a 2007. Saboda haka waƙar da a da take tallar mai kuɗi da mai mulki, yanzu ta koma jerin sunayen mazauna kabari. Saurayi zai ji ana kirarin wani direba ko wani hakimi da garinsu ke girgiza in ya fito, alhali yau ko jikokin maƙwabtansa ba su san inda gidansa yake ba. Lallai akwai wa'azi a nan wanda shi mawaƙin bai nufa ba, mutuwa ce ta sa shi a ciki. Haka nan waƙoƙinsa na sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ta Kumbo Apollo 11, sun zama taskar tarihi, kuma ba banza Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 ba.

Sai dai kuma ga inda gizo yake saƙar. Mutuwa takan wanke mutum a idon jama'a har ta wuce gona da iri. Yanzu an wayi gari ba a iya cewa ga waƙar Shata mai kyau, ga kuma wadda ba ta dace ba, sai a ce ai marigayi ne, a yi shiru. An cika majalisu da labaran wai duk wanda ya zaga sai ya lalace, kamar dai ana maganar waliyyi. Wannan jahilci ne, kuma ba gata ba ne ga mamacin. Kame baki daga zagin mamaci wajibi ne, amma bai hana a auna aikin da ya bari yana yawo a kunnen mutane ba, tun da aikin bai mutu tare da shi ba.

Abin da ya fi tayar da hankali ma shi ne, shi Shata ba ya da ikon janye ko baiti ɗaya a yau. Wanda ya danna waya a shagon caji ko a cikin mota, shi ne yake zaɓa masa abin da zai faɗa. Matashin da ya ce yana ƙaunarsa, amma kullum waƙar shaye-shaye da ta cin mutuncin wani bawan Allah yake kunnawa, ya bar Bakandamiya da sauran waɗanda hikimar Hausa ta cika su, ya tambayi kansa ko da mutumin zai dawo na minti biyar, wacce zai roƙa a kashe.