FULAWAR DA KE ADO DA RANI

 Duk wadda ta bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a watan Fabrairu ta san yadda ƙasa kan koma, ciyawa ta bushe, ƙurar hunturu ta rufe ganyen darbejiya. To, a daidai wannan lokaci ne za ki hango wata fulawa ta leƙo ta kan katangar ofis ko ta makaranta, ja-wur ko ruwan hoda, kamar an shanya atamfar amarya. Sunanta buganbiliya. Ra'ayina shi ne ta daɗe a gidajen ma'aikata, ya kamata ta shigo tsakar gidajenmu.

Na san abin da uwargida za ta ce. Ruwan da sai an saya a wajen 'yan garuwa, shi za a ba abin da ba a miya da shi? Gaskiyarki, kuma ban ce ki tumɓuke zogale ko lalle don ki ba ta wuri ba. Amma ita wannan shuka, da zarar ta kama ƙasa, ƙishi ne ke sa ta fure. Idan kika cika mata ruwa da taki, sai ta yi ta ganye kore shar, ta hana ki adon da kike nema. Ruwan ɗaurayar shinkafa ko gero sau ɗaya a mako ya ishi wadda ta girma. Ƙasa mai tsakuwa irin ta gindin duwatsun Birnin Kudu ita take so, da rana mai zafi. Abin da ke kashe ta shi ne ruwa ya kwanta a gindinta da damina, don haka kada a dasa ta a ƙarƙashin indararo ko bakin kwata.

Sai maganar maciji, wadda maigida zai fara kawowa. Maciji duhuwa yake nema, ko ta itacen girki ce. Ki riƙa sassabe rassan ƙasa, ki share gindin, ki ɗaure ta ta hau katanga. Ƙaya kam tana da ita, mai kaifi kuwa, saboda haka a nisanta ta da inda yara ke wasa da inda ake shanya. Amma ƙayar nan ce ke sa mai niyyar haura katanga da dare ya sake tunani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga abin da za ku duba da idonku. Wannan ja ɗin da ake kira fure, ganye ne mai launi, siriri kamar takarda. Furen na gaskiya ƙanana ne farare, suna tsakiya. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A 1767 wasu Faransawa da ke zagaya duniya a jirgin ruwa suka same ta a Birazil, aka sa mata sunan shugaban tafiyar, Bougainville. A cikin masu tara tsirrai a tafiyar akwai wata mace, Jeanne Baret, wadda ta yi shigar maza domin ba a yarda mata su hau jirgin sojan ruwa ba. Ita ce mace ta farko da aka sani ta kewaye duniya, amma sunan namiji fulawar ta ɗauka. Allah sarki!

Ba sai kin kashe kuɗi ba. Idan ruwan farko ya sauka, roƙi reshe mai ƙwari, kaurin fensir, tsawon taƙi guda. Ki zage ganyen ƙasa, ki soka a tsohuwar tukunya mai huji da kika cika da yashi da ɗan taki, ki ajiye a inuwa inda akuya ba za ta kai ba. Soka uku ko huɗu, domin ba duka ke kamawa ba. Bayan kamar wata biyu, ranar dasawa, fasa tukunyar za ki yi a hankali ki sa ta a rami da ƙasarta, gama saiwarta ba ta son a taɓa ta.