Magani kyauta, taba a bakin ƙofa

Nijar na da abin alfahari a yaƙi da tarin fuka mai bijire wa magani, wato wanda rifamfisin da izoniyazid ba su ƙara cin sa. Tun 2008, da tallafin ƙungiyar Damien, lokotoron ƙasar suka gwada gajeren tsarin magani na wata 12, aka warkar da kusan 9 cikin 10 na rukunin farko. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata 6. Magani dai ya samu, kuma kyauta ne. To, wa ke huda tulun da ake cikawa?

Taba da giya. Hayaƙin taba na raunana garkuwar huhu, yana jinkirta ɓacewar ƙwayar cutar daga majina, yana kuma buɗe ƙofar dawowarta bayan an warke. Giya kuwa ta fi ɓarna: tana haɗuwa da magunguna su taru a kan hanta, tana tsananta lalacewar jijiyoyin ƙafa da linezolid ke iya haddasawa, sannan mashayi shi ne ya fi tsallake kwanaki ko ya watsar da magani. Wanda ya watsar ba shi kaɗai ya faɗi ba: zai koma gida yana tofa wa iyalinsa ƙwayar da ta ƙara taurin kai.

Amma ina mahukunta? Ƙasar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, ta kafa dokar 15 ga Mayu 2006 mai hana busa hayaƙi a wuraren jama'a. Duk da haka, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, mai tebur na sayar da sigari kara-kara, abin da ko ɗan talaka ke iya saye. Doka na barci a aljihun tebur, baitulmali na lissafin haraji.

Batun giya kuma munafunci ya rufe shi. Saboda kunya maras lafiya ke ɓoyewa, ma'aikacin lafiya ke kau da kai, mai wa'azi ya tsine ba tare da ya nuna mafita ba.

Wajibi ne a tambayi kowane maras lafiya, cikin sirri ba da ƙyama ba, a taimake shi ya daina, a riƙa auna hantarsa, a ƙara wa taba haraji. In ba haka ba, ɗibar ruwa da kwando kawai ake yi, talaka kuma shi ke biya da ransa.