Intalok har bango ba wayewa ba ce

1/ Zan faɗa, mai jin haushi ya ji: malale tsakar gida da siminti da intalok tun daga ƙofa har bango ba wayewa ba ce. Zafi muke saya da kuɗinmu.

2/ Mutum ya sayi fili a Kano, aikin farko ya sare darbejiyar da ya tarar. Wai ganye na ɓata gida. Haba malam! Tsintsiya ta gagare ka, sai gatari?

3/ A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Siminti ya yini yana shan rana, da dare ya amayar. A ɗauke wuta, ka fito shan iska, tsakar gidan kamar tanda.

4/ Ruwan Agusta kuma, da ƙasa ke shanye shi ya sauka rijiya. Yanzu ka ɗaga gidanka, ka sa bututu, ka tura shi layi. Maƙwabcinka ya kwana yana kwasa da bokiti. Ina haƙƙin maƙwabtaka?

5/ Ku ma masu ciyawar kafet ban bar ku ba. A unguwar da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kullum kana shayar da ciyawar ado?

6/ Ban ce a zauna cikin caɓi ba. Sa intalok inda mota ke bi, a kan yashi ba kankare ba, ruwa ya samu hanya. Sauran a bar ƙasa: mangwaro, gwaba, zogale. Darbejiya nesa da katanga saboda saiwa.

7/ In kai ke gini, ko a gidanku ake yi, nuna wa magini inda bishiya za ta tsaya tun kafin a kwaɓa siminti.