Ba Majaujawa Ce Ta Ci Numantiya Ba

Malam, ka rubuta cewa manyan majaujawa da kayan fasa ganuwa ne sirrin nasarar Rumawa. To, ina kayan suke a shekarar 137 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Mankinus, kwamandan Rumawa, ya miƙa wuya da rundunarsa ga mutanen Numantiya, a ƙasar Sifen? Zukatan sojojin ne suka mutu. Da Sikipiyo ya karɓi ragamar rundunar a 134, sai ya kori karuwai, bokaye da 'yan kasuwa daga sansani, ya sa sojoji haƙa ramuka har suka dawo hayyacinsu. Sannan ya kewaye garin da katanga, yunwa ta durƙusar da shi a 133. Horo ne ya ci Numantiya. Koma ka sake karatu.